Yadda Ake Haɗa Walimar Cikar Iyaye Shekara Arba'in da Aure a Hutun Babbar Sallah

A cikin azumin 2024 autarmu ta jefo maganar a zauren WhatsApp na 'yan gidanmu. Ta ce ta lissafa, bana Baba da Umma suke cika shekara arba'in da aure, ya kamata a yi musu wani abu. Aka yi tsit kusan kwana guda. Can sai babban yayanmu ya rubuto: "Madalla. Amma wa zai tunkari Baba da wannan magana?"

Mun yi taron a Kano ranar uku ga Sallah, kuma ya yi armashi, sai dai mun yi tuntuɓe a wurare da dama. Kusan duk tuntuɓen daga abu ɗaya ya fito: mun riƙa auna taron da abin da zai burge mu, alhali masu taron mutane ne da ba su taɓa zama kan tabarma ɗaya a gaban 'ya'yansu ba. Ga yadda zan bi da abin da za a sake, da yadda nake ba duk wanda ya tambaye ni shawara.

Da farko, ku gano shekarar

Kada ku ɗauka kun san ta. Yawancin auren wancan zamani babu takarda, kuma in kun tambayi iyaye kai tsaye, amsar ba ta wuce "ai an daɗe". Abin da suke riƙewa shi ne abin da ya faru a shekarar. Wani zai ce shekarar da motoci suka koma hannun dama, wato 1972. Wani shekarar da naira da kwabo suka maye fam da sule, 1973. Akwai 'yan shekarar Udoji, ta babban ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, wajen 1975, da na shekarar da aka kashe Murtala, 1976, da na rikicin Maitatsine a Kano, ƙarshen 1980. A Nijar za ka ji ana cewa shekarar da Kunce ya karɓi mulki, 1974.

Mu Gwaggo ce ta warware mana, yayar Baba. Ta ce da sababbin kuɗi aka biya sadakin Umma, ana gama canjin kuɗin Buhari, kuma ba a daɗe da kai amarya ba aka ɗauki azumi. An fara canjin nan a ƙarshen Afrilun 1984, azumin shekarar kuma ya kama a farkon Yuni. Ke nan a watan Mayu aka ɗaura, cikin Sha'aban na 1404, lokacin da ake rububin aure kafin azumi.

Sai ku yanke da wace kalanda za ku ƙirga. Shekarar Hijira tana gaza ta boko da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka, don haka a lissafin Musulunci su Baba sun cika arba'in tun Sha'aban na 1444, a farkon 2023. Baba da kansa ya yi mana wannan gyara ranar taron, yana dariya, ya ce mun makara da shekara guda. Ku duba bayan tsofaffin littattafan mahaifinku ma. Dattawa da yawa suna rubuta ranar aure da ranakun haihuwa a can, da boko ko da ajami.

Wanda zai kai maganar, da sunan da za a ba ta

Ba ɗan fari ba. A gidaje da yawa har yau uwa ba ta ko kiran sunansa, balle su zauna zancen aurenta. Ku nemi babba wanda iyayen ba sa iya yi wa musu: gwaggo, ko kawu, ko aminin mahaifinku, musamman in shi ne abokin ango a lokacin. Kuma a fara da uwa. In ta yarda, ita ta san lokacin da za ta shigar wa maigida da zancen.

Kalmar "anibasari" ku bar ta a wayoyinku. Da Gwaggo ta je, cewa ta yi yara suna so su haɗu da Sallah su ci abinci tare, a yi addu'ar godiya ga Allah da ya raya wannan gida shekara arba'in. Baba ya ce in addu'a ce da zumunci, babu laifi, amma kada ya ga kiɗa, kada kuma a mayar da shi abin kowace shekara. Akwai waɗanda za su ce muku bidi'a ce, har a cikin 'yan'uwanku. Ni ba malami ba ne. Ku tambayi malamin da gidanku ya amince da shi tun kafin a tara sisi, kada sai an sayi shinkafa a fara jefa wa juna ayoyi a waya.

In akwai abokiyar zama

Nan ne muka kusa ɓata rawarmu da tsalle. Baba yana da mata biyu. Mu 'yan ɗakin Umma muka buɗe wani zaure na daban muna ta shiri, babu ko ɗaya daga 'yan ɗakin Anti. Da Gwaggo ta ji, sai ta kira ni ta wanke ni tas. Ta ce, "Ku da za ku tara zumunci, shi ne za ku fara da raba gida? Ita ba shekara ashirin da shida take dafa wa ubanku tuwo ba?"

Abin da aka yi daga nan shi ne abin da ya kamata a yi tun farko. Umma da kanta ta shiga ɗakin Anti ta gaya mata. Aka saka ƙannenmu na ɗakin a cikin masu shiri, aka ba ɗaya daga cikinsu riƙon kuɗi. Duk abin da aka saya wa Umma na sutura, an saya wa Anti irinsa, launi ne kawai ya bambanta. A addu'a an ambace ta. Sannan ku duba ranar girki: in taron ya faɗo ranar girkin amarya, a nemi izininta a fili, kada a wayi gari kawai ta ga an cika mata madafa da tukwane. Tamu Antin, da aka girmama ta, ita ta karɓi miyar taushe gaba ɗaya ta ce kada wanda ya sa mata hannu. Haka kuma in akwai matar da aka rabu da ita kuma tana da 'ya'ya a gidan, 'ya'yan nan 'yan gida ne, da su za a yi komai.

Rana da wuri

Ranar Sallah ba ta yiwuwa: Idi, yanka, fiɗa, wankin kayan ciki. Washegari mata suna bakin wuta suna suyar nama, ga rabo gida-gida. Rana ta uku ce daidai. An gama suya, masu aiki a Abuja da Legas ba su juya ba tukuna. A 2024 Sallah ta kama Lahadi 16 ga Yuni, gwamnati ta ba da hutun Litinin da Talata, muka ɗauki Talatar. In a cikin birni kuke kuma shekarar ana hawa, ku tuna hanyoyin da dawaki ke bi suna toshewa, ku gaya wa masu zuwa su fito da wuri.

A yi a gida, gidan da aka yi zaman. Ɗakin taro yana cin kuɗi, kuma dattawa ba sa sakewa a cikinsa. Maza a ƙofar gida ko zaure, mata a tsakar gida. A 'yan shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa bakin damina, saboda haka runfa dole ce. Ku kama mai runfa da kujeru tun da saura mako biyu, kuma ku sa ya kafa tun daren. Namu ya karɓi kafin alƙalami ya ce da sassafe zai zo, bai iso ba sai da aka yi azahar, ana ta jan tabarmi ana bin inuwar bango.

Kuɗi

Kada a yanka wa kowa adadi ɗaya. 'Yan'uwa ba ɗaya suke ba, kuma kowa bai daɗe da sayen rago da ɗinkin yara ba. A faɗi jimillar abin da ake nema, kowa ya tura abin da ya sawwaƙa ga ma'aji shi kaɗai, shi kuma ya riƙa sanar da jimilla ba tare da suna ba. Wanda ba shi da kuɗi yana da hannu: cefane, jigilar tsofaffi, wanke-wanke. A rufe karɓa da saura wata guda, domin hatsi a Dawanau da su mai da sukari a Singa gara a saye su kafin kasuwa ta ɗau zafin Sallah. Kayan miya ne kawai za a bari sai ana gobe ko jibi, a shiga Yankaba da sassafe. Anko kuwa, ra'ayina a bar shi. Kowa yana da sabon kayan Sallah, kuma anko shi ne ƙofar da gardama take shigowa.

Abinci

Ku ƙirga mutane a takarda, ɗaki-ɗaki, da surukai da jikoki da maƙwabta na jiki, sannan ku ƙara kashi ɗaya bisa uku a kai. Mun rubuta arba'in da biyar, mun ciyar da fiye da sittin, ban da almajirai.

Nama ba sai an saya ba. Duk wanda ya yi layya a cikinku ya ware cinya ɗaya ko haƙarƙari tun ranar yanka. In babu tabbacin wuta, kada a dogara da firji: a sulala naman da albasa da citta da gishiri kaɗan, a soya shi sama-sama, a ajiye. Ƙasusuwa da tantaƙwashi a tara su wuri ɗaya domin miya. Kai da ƙafa a babbake su a wanke tun washegarin Sallah, su ne farfesun dattawa.

Abinci kala biyu ya isa, kuma a zaɓi wanda masu taron suke so, ba wanda zai yi kyau a hoto ba. Mun yi tuwon shinkafa da waina, miya ɗaya ta taushe ta ɗauke su duka, sai dafa-duka tukunya guda domin yara. A ma'aunin Kano, kwano ɗaya na shinkafar tuwo yana ɗaukar manya goma sha biyu zuwa sha biyar in akwai wani abincin a gefe. Mun tuƙa kwano uku, muka yi wainar kwano biyu, dafa-duka kwano biyu, kuma an samu na kai wa maƙwabta. Mudun garinku zai iya bambanta da namu, ku tambayi wadda ta saba girkin suna a unguwarku.

Waina ita ce mai son lissafi. Ana gobe da rana a wanke shinkafar a jiƙa. Da yamma a dafa kaɗan daga cikinta ta yi laushi, a bar ta ta huce, a haɗa da jiƙaƙƙiyar da albasa a kai niƙa. Ku yi magana da mai inji tun kafin Sallah, domin da yawansu ba sa buɗewa a kwanakin nan, waɗanda suka buɗe kuma layi har waje. A sa yis a rufe ƙullun a babban roba, a bar masa wurin tashi, in ba haka ba da asuba za ku tarar ya malale a ƙasa. Da safe a sa sukari da gishiri kaɗan da ɗan ruwan kanwa in ya yi tsami da yawa. Tanda biyu, mata biyu, su fara da ƙarfe tara, su gama kafin azahar. Tanda ɗaya ba za ta fitar da ku ba.

Miyar taushe kuwa a fara ɗora ƙashi da nama da daddawa su yi ta dahuwa. Kabewa a dafa ta a dame, a zuba jajjagen tattasai da attaruhu da albasa da tumatir, sai niƙaƙƙiyar gyaɗa. Alayyafo da ɗan yakuwa su ne na ƙarshe, ana saura kaɗan a sauke. Kafin a zuba gishiri da ɗunƙule na ƙarshe, a ɗebi ƙaramar tukunya a gefe domin masu hawan jini. A taron da aka tara 'yan shekara sittin da saba'in, ba za a rasa su ba. Haka abin sha: zoɓo jarka biyu, ɗaya babu sukari, a ɗaura mata ƙyalle a hannu don kada a rikita. Kunun aya ku yi tunani sau biyu. Mun yi shi tun asuba, aka ɗauke wuta, ƙanƙarar da muka saya ta narke, kafin la'asar ya yi yauƙi, bokiti guda muka zubar. In dole sai an yi, a niƙa da hantsi a sha da azahar.

Kek ɗin da autarmu ta yi oda, mai hawa biyu da sunayensu a kai, har yau ana yi mata tsiya da shi. Ta so su riƙe wuƙa tare a ɗauki hoto. Umma ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige ɗaki, Baba ya ce a ba yara. Haka babban hoton da muka buga muka rataya a ƙofar gida: yana dawowa daga masallaci ya sa aka sauke.

Yadda ake tono labari

Wannan shi ne ribar taron, kuma shi ya fi wuya, domin ɗa ba ya tambayar ubansa yadda ya nemi uwarsa. Amma al'ada ta bar ƙofa guda a buɗe, wato wasan jika da kaka. Jikanya tana kiran kakanta mijinta, tana kiran kakarta kishiya. Jika namiji kuma shi ne angon kaka. Abin da ku ba za ku iya furtawa ba, su za su faɗe shi a yi dariya.

Ku zaɓi jikoki biyu ko uku masu baki, 'yan shekara takwas zuwa sha biyu, ku koya musu tambayoyin tun ana saura kwana biyu. Tambayoyi na abin da ake gani da ido, ba na zuciya ba. Kada a ce "me ya sa kike son sa". A ce: nawa ne sadaki? Akwati nawa aka kawo lefe, ko a fantimoti ne? Wa ya yi walicci, wa ya karɓa? A mota aka kai amarya ko a ƙafa? Me aka ba ƙawaye na sayen baki? Wane abinci amarya ta fara dafawa bayan an gama kawo mata daga gida? A wane ɗaki aka fara zama, nawa ne haya? Sannan ku zaunar da shaidu a kusa: gwaggo, ƙawar amarya in tana raye, abokin ango. Su ne masu ƙaryata juna, kuma a cikin gardamar labari yake fitowa.

Lokacinsa bayan la'asar, baƙi sun ragu, saura 'yan gida. Baba yana kan darduma a bakin rumfar tsakar gida, Umma tana can ƙofar ɗakinta, tsakaninsu taku goma, kuma ba mu matsa su kusanto ba. 'Yar yayana mai shekara tara ta je ta zauna a gabansa ta ce, "Angona, nawa ka sayo wannan tsohuwar kishiyar tawa?" Ya ce, "Naira tamanin, sababbi fil, ko lanƙwasa babu." Gwaggo ta ce, "Kai dai faɗi gaskiya. Ɗari ne. Ashirin ɗin da ka manta, tunkiyata aka sayar aka cika, kuma har yau ba ka biya ni ba." Daga nan ba a sake buƙatar tambaya ba. Muka ji yadda motar kai amarya ta mutu a hanya aka ƙarasa da ita a ƙafa ana waƙa, da yadda Umma ta yi wata uku tana ɓoye ƙanzon tuwon da ta ƙona a bayan randa. Ni da na haura talatin a gidan ban taɓa jin ko ɗaya ba.

Mutum ɗaya ya kunna rikoda a waya ya ajiye ta kife kusa da su, bayan an gaya musu ana ɗauka. Kada a tsaya musu a ka da kyamara, suna ganin ta za su koma "sai godiya, sai haƙuri". Kuma a gargaɗi yaran: babu tambayar 'ya'yan da suka rasu, babu zancen yaji ko saɓani. Auren shekara arba'in ba ya rasa waɗannan. In su suka kawo da kansu, a saurara, kada a tanka. Umma ta ambaci yayarmu da ta rasu tana jaririya, wadda ba mu taɓa jin sunanta daga bakinta ba, aka yi shiru, Kawu ya ce a yi mata fatiha, aka shafa aka ci gaba.

Tsarin ranar a taƙaice

Kafin azahar an gama girki an zuba a kuloli. Bayan sallah malam ya yi addu'a gajeriya, a ambaci iyayen ango da na amarya da waliyyan da suka ɗaura auren, domin yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. A fara kai wa dattawa abinci, sai maza, sai mata, yara a tire-tire. Jawabi mutum ɗaya ya isa, minti biyar, kuma babba ne zai yi, ba ɗa ba. Kyauta a ba su a ɗaki bayan an watse, ba a gaban mutane ba. Ku sayi abin da zai rage musu wahala: katifa mai kyau, gyaran banɗaki da ƙarfen dafawa, fanka mai aiki da hasken rana, sabon tabarau. Mu banɗakin muka gyara.

Abu ɗaya da ban shirya ba, Anti ce ta kawo shi. Ta ce a ɗauko wata langa daga cikin kayan jeren Umma a zuba wa Baba tuwonsa a ciki. Aka hau saman kabad aka sauko da ita, fara mai jan fure, fentin bakinta ya ɓare a wuri biyu, murfin ma na wata ce aka ara. Da aka ajiye masa ya daɗe yana juya ta, sannan ya ɗaga murya yadda za a ji daga ƙofar ɗaki: "Wannan har yanzu tana nan?" Umma ta ce, "To ina za ta je, Malam?" In akwai irin wannan a gidanku, tasa ko fanteka ko tsohon zanen lefe a ƙasan adaka, ku nemo shi tun ana saura mako.

Bayan an watse

Ku raba aikin kwashe-kwashe tun kafin ranar, da suna, in ba haka ba kowa zai sulale da magariba a bar wa tsofaffin da aka ce ana karramawa tulin wanke-wanke. Tukwanen aro a mayar washegari da ɗan nama a ciki. Ma'aji ya kawo lissafi cikin kwana uku, ragowar kuɗi a ba iyaye.

Muryar da aka ɗauka a tura wa mutum uku a daren, kada ta zauna a waya ɗaya. Tsofaffin hotunan da aka fito da su a ɗauke su da waya a wurin haske, ba tare da filasha ba, sannan a juya bayansu a rubuta da fensir sunan kowa da ke ciki tun masu gane fuskokin suna kusa. Kada a ɗora hoto ko murya a Facebook sai an tambaye su. Umma ta yarda a tura wa dangi kawai. Baba ya ce a goge wurin tunkiya, Gwaggo ta ce duk wanda ya goge ita da shi ne. Da muka je gaishe ta bayan mako biyu, mun tarar da tunkiya ɗaure a turke a tsakar gidanta, ta ce direban Baba ne ya kawo, bai ce komai ba.